Kyautar Wanda Bai Taɓa Fashi Ba

Na daɗe ina aikin kula da ma'aikata, kuma yawancin abin da ya wuce ta kan teburina ya fita daga kaina. Akwai mutanen da na ɗauka aiki da hannuna waɗanda yau in muka haɗu a kasuwa sai dai su gaishe ni in amsa, ina ta laluben inda na san fuskar. Amma akwai wani buhun shinkafa guda da na tsaya a gaban jama'a na miƙa wa wani bawan Allah, ana tafi ana ɗaukar hoto, wanda ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina ba na jin zai bar raina.

A lokacin ina aiki ne a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Birnin Kebbi, kan hanyar Argungu. Ba ɗaya daga cikin manyan nan da kowa ya sani ba ne, matsakaici ne na wani Alhaji, yanzu ma an sayar da wurin an mai da shi sito. A takarda sunan muƙamina dogo ne mai daɗin ji. A aikace kuwa ni ce wadda ake turawa idan magana ba ta da daɗin faɗa. Albashi ya yi jinkiri, Hajiya. Kuɗin fansho bai shiga ba, Hajiya. Katin asibiti ya ƙi aiki, Hajiya. Ni ce mai rabon hular kwano da takalmin aiki, ni ce kuma mai ganinsu washegari a kan 'yan acaba. In an haihu ni ke zuwa suna, in an mutu ni ke zuwa ta'aziyya da sunan kamfani. Alhaji yana ganina a matsayin lauyar ma'aikata, ma'aikata suna ganina a matsayin kunnen Alhaji, ni kuwa abin da nake so kawai shi ne in koma gida da yamma ba tare da ciwon kai ba.

Kusan duk ma'aikatanmu manoma ne, daga Ambursa zuwa ƙauyukan Argungu har Augie. Kuma suna da wata al'ada da na tarar, wadda ta girmi kamfanin. A wurinsu aiki ba na mutum ɗaya ba ne, na gida ne. Idan gona ta kira mutum, sai ya tuɓe rigar aiki ya ba ƙanensa ko ɗan baffansa ya zo ya tsaya masa. A kira suna da safe, wani ya amsa, aiki ya tafi, ƙarshen wata a biya mai sunan, su je gida su san yadda za su yi. Ba wanda yake ganin abin a matsayin ha'inci. Ranar da na fara cin karo da baƙuwar fuska na tambaya, “Kai kuma wa na?” Sai ya dube ni cikin natsuwa ya ce, “Ni na wane yau, Hajiya.” Har da gyara hula, irin na wanda ya ba da cikakkiyar amsa.

Cikin masu wannan musanya akwai wani magidanci daga wani ƙauye kusa da Gulma. Shi ne mai ɗinke bakin buhu bayan an cika shi. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba ka jin muryarsa sai wajen gaisuwa da sallah, kuma ɗinkinsa ba ya warwarewa ko an jefo buhu daga saman mota. Yana kwana a wani ɗaki da suka haɗu suka kama a cikin gari, ranar hutu ya tafi gida. Mai tsaya masa ƙanensa ne, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa ɗaya tun yana ƙarami. Ƙanen ba ya iya shiga laka ko tsayuwa cikin ruwa da lauje, amma in ya zauna gaban keken ɗinki ba ka bambance aikinsa da na wansa. Saboda haka tsarin ya yi musu daidai. Mai ƙafa ya tafi fadama, mai hannu ya zo kamfani.

Na san wannan mutum fiye da sauran ne saboda katin asibiti. Kamfaninmu ya yi wa ma'aikata inshorar lafiya da ta haɗa da mata da 'ya'ya, shi kuma yana da ɗiya mai ciwon sikila. Da bakinsa ya taɓa gaya mini ba albashin ne ya kawo shi ba, domin gonarsa tana ciyar da gidansa har ya ba wasu. Katin ne ya kawo shi. Kafin ya sami aikin, duk lokacin da ciwon ya tashi sai an fitar da akuya ko an auna shinkafa an kai kasuwa kafin a nufi asibiti, yarinya na kwance tana kuka da ƙasusuwanta. Da ya sami kati sai dai a ɗauke ta a tafi. Duk shekara shi ne farkon mai zuwa ofishina ya tambaya ko an sabunta, tun kafin ni kaina in tuna lokaci ya yi.

A shekarar da nake ba ku labari, Alhaji ya sami wata babbar kwangila. Masu sayen shinkafar suka ce kafin su sa hannu sai sun turo mutanensu sun duba yadda muke aiki. Muka share ko'ina, aka shafa fenti har kan duwatsun bakin ƙofa, na bi kowa na roƙe shi ya sa hular kwano ko da na yini guda ne. Komai ya tafi lafiya har wata mata daga cikin masu binciken ta tsaya gaban keken ɗinki, ta dubi katin shaidar da ke rataye a wuyan mai ɗinkin, ta dubi fuskarsa. Hoton na mutum ne baƙi kakkaura mai gemu. Wanda ke zaune fari ne siriri, ga sanda jingine a gefensa. Ƙanen ne, ranar wan yana fadama wajen zuba taki.

Tambaya ɗaya ta yi mini. Ta ce idan bel ɗin inji ya kama hannun wannan mutum yanzu, wa zai biya? Ba sunansa a inshora, ba a koya masa ka'idar injin a hukumance ba, a idon doka ma ba ya cikin ginin. Na tsaya ina gyara mayafi. Gaskiya ta faɗa, kuma har gobe ba zan ce ba gaskiya ba ce. Na sha kwana da wannan tunani tun kafin ta zo, domin na san ranar da tsautsayi ya faɗa kan mai tsaya wa wani, ni za a tura in gaya wa uwarsa cewa kamfani bai san shi ba.

Sharaɗin da suka gindaya shi ne a daina musanya kwata-kwata. Aka sayo na'urar dangwala yatsa aka kafa a bakin ƙofa. A zaman da aka yanke wannan shawara na ce wa Alhaji, to tunda za mu hana su turo 'yan'uwa, a ba su hutun girbi, ko da bi da bi ne, domin mutanen nan ba don wasa suke musanyar ba. Manajanmu, wani mutumin kudu da ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi ta 'ya'yana kama ƙasa, ya gyaɗa kai ya ce maganar tana da kyau. Alhaji ma ya ce tana da kyau. Sannan ya ce, “Bari mu ƙare da wagga kwangila tukuna, Hajiya, sai mu zamna mu duba.” Duk wanda ya yi aiki ƙarƙashin mai kuɗi ya san inda ake ajiye maganar da aka ce za a zauna a duba.

Ma'aikata suka sa wa na'urar suna Maras Dangi, wai ba ta san wa ba, ba ta san ƙane ba. Da farko har dariya abin yake ba mu. Hannun manomi fartanya ta gama cinye zanen yatsansa, sai mutum ya dangwala ta ƙi, ya goga yatsan a goshi ya sake, ta ƙi, na baya suna yi masa tsiya cewa ko injin ma ya gane ba shi ba ne. Don a sanyaya musu rai, manaja ya kawo shawarar a sa kyauta. Duk wanda na'ura ta shaida bai yi fashi ko sau ɗaya ba har ƙarshen shekara, za a ba shi takardar yabo da babban buhun shinkafa a gaban kowa. Aka rubuta aka manna a allo, aka kuma ƙara da cewa har a gama kwangila ba hutu, kuma wanda ya ƙi zuwa ba tare da takardar likita ba, a bakin aikinsa. Ba barazanar banza ba ce, domin kullum akwai matasa zaune ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa suna jiran a ce akwai gurbi.

Haka muka shiga ƙarshen damina. Injuna ba sa hutawa, ɓuntun shinkafa ya cika iska har cikin kofin shayina, motoci na layi. Sai labari ya fara yawo cewa an saki ruwa daga madatsar ruwa, gulbi na cikowa. Ba sai an gaya maka ba, a fuskokin mutane za ka gani. Kowa na aiki da waya a aljihun gaba, da ta yi ƙara sai ka ga mutum ya zabura. Waɗanda gonakinsu ke kan tudu ko shinkafarsu ba ta nuna ba, sai dai addu'a. Masu 'ya'ya manya kuma suka bar musu aikin gonar. Shi mai ɗinkin buhu gonarsa tana can ƙasan fadama, ya shuka da wuri, ta nuna sarai, kuma ba shi da namiji babba a gida sai ƙanen nan mai sanda.

Da hantsi ya yi sallama a ofishina. Ga kujera amma ya ƙi zama, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya cire hula.

“Hajiya, alhwarma niz zaka biɗa,” ya ce. “Ƙanena ya kira ni, ruwa ya kai ga gonakin da ka gabanmu. Shinkahwata lauje kawai ta ka jira. In nis samu kwana biyu ko ukku, in kwashe abin da Allah ya nuhwa.”

Na ce, “Malam, ba a samun 'yan ƙwadago a yanke maka?”

“Wa ka yi ma wani aiki yanzu, Hajiya? Kowa tashi ta ishe shi. Sai dai gayya, ita ko gayya ba a amsa ta ga waya. Sai maigida ya taka da ƙahwatai ya bi gida-gida, ya shiga ruwa gaba, sannan mutane su biyo shi.”

Wannan ma na sani. Mutanen da ya yi wa aiki a gonakinsu za su fito masa, amma sai sun gan shi tsaye cikin ruwa da lauje. Ba wanda zai bar tasa gonar saboda saƙon wanda ke zaune a birni yana cin albashi. Na ce ya koma bakin aiki, zan ga Alhaji.

Na sami Alhaji a tsakar kamfani yana kallon ana lodi. Na yi masa bayani tun daga ƙafar ƙanen har ciwon yarinyar. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba, har ya cire tabarau ya murza ido. Sannan ya ce, “Hajiya, ni ma ɗan manomi na, na san abin da ki ka hwaɗi. Amma in nib ba shi yau, gobe mutum nawa ka tsayuwa bakin ohis ɗinki? Dukkansu gulbi guda ad da su. In sunka watse, wa ka cika man motocin ga? In kwangila ta ɓaci, ba shi kaɗai ka rasa kati ba, kowa na.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, to a bar ƙanen shi zo, kwana biyu kawai. Ya iya aikin.”

Ya nuna mini na'urar da ke bakin ƙofa da haɓarsa. “Ke da kanki kin ji abin da matar nan tac ce. In sunka dawo ba shiri sunka ishe shi hwa?”

Abin da ke gajiyar da mutum a wannan aiki ba mugayen mutane ba ne, su ka san yadda za ka yi da su. Abin da ke cinye ka shi ne ranar da kowa yake da gaskiya. Matar mai bincike tana da gaskiya, Alhaji yana da gaskiya, mai gona yana da gaskiya, kuma duk gaskiyar nan sai a tattara ta a ɗora maka a ka, a ce je ki gaya masa. Na tako zuwa wurin ɗinki.

Na ja shi gefe inda ƙarar inji ta yi sauƙi na gaya masa ba a yarda ba. Bai yi gardama ba, bai ma tambayi dalili ba. Sai dai ya ce, “In nit tahi ba da izni ba, katin ɗiyata hwa?”

Na ce, “Ranar da anka cire sunanka, ranar kati ka mutuwa.”

“Ko da ita ba ta yi laihin komi ba?”

“Ko da hakanan, Malam.”

Daga nan na shiga kewaye-kewaye. Na ce masa ai doka ta ce wanda ya kawo takardar likita ba a taɓa shi, kuma na ga kamar idonsa ya yi ja, mutum yana iya jin zazzaɓi bai sani ba. Ya gane inda na dosa tun kafin in rufe baki. Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Hajiya, ga mai ciwo na gaskiya can gida. Ba ni iya ɗora ma kaina ciwon ƙarya, ina tsoron Allah shi amsa.” Ya mai da hularsa ya ce, “Sanyin damina bai hita ba, ko yaushe jikinta na iya tashi. Na zamna.” Ya koma kan kekensa ya ja buhu na gaba.

Kwanakin da suka biyo baya ina ganinsa ta taga kowace safiya. Ya zo ya goga yatsa a goshi, ya dangwala, na'ura ta yi ƙararta ta amincewa, ya wuce. Ban taɓa tsanar ƙarar wani abu kamar yadda na tsani wannan 'yar ƙara ba. Ƙanen da matarsa da wata gwaggonsa sun yi iya yinsu, sun yanki bakin gonar inda ƙafa ke iya kaiwa. Ranar Juma'a ana tashi da rana, ko abinci bai tsaya ci ba ya hau mota. Ruwa ya riga shi isa.

Da yake zuwa jaje aikina ne, na sa direban kamfani ya kai ni washegari. Tun daga Ambursa ka fara ganin ruwa kwance dama da hagu inda ka saba ganin kore. Muka wuce Argungu muka saki kwalta, har inda mota ta ce ba ta ƙara gaba, muka ƙarasa da ƙafa. Ban same shi ba, wai tun da asuba ya juya Birnin Kebbi don kada ya makara. Ƙanen ne ya raka ni bakin fadama yana dogara sanda. Ya nuna mini wani wuri a tsakiyar ruwa ya ce, “Daga waccan giginya har inda tsuntsayen can ka shawagi, duk tamu ta.” Ni ban ga komai ba sai ruwa ja yana tafiya a hankali. Can nesa wasu mutane cikin kwalekwale suna zura hannu har kafaɗa suna yanko zangarniya, abin da suke fitowa da shi ya yi baƙi, wani har ya fara tsiro.

A gidan, abin da suka tsira da shi yana shanye kan tabarmi biyu a tsakar gida, kaji na kewayawa. Yarinyar tana zaune a rana cikin rigar sanyi, idanunta rawaya, tana kore kajin da kara. Uwar ta kawo mini ruwa, ta yi ta godiya wai kamfani ya tuna da su. Ta shiga ɗaki ta fito da katin asibitin a naɗe cikin leda, ta nuna mini, ta ce ko shekaranjiya da shi aka karɓo magani. Na ce Allah ya mai da alheri, na ce Allah ya ba ta lafiya, na faɗi duk abin da ake faɗa.

Aka gama kwangila lafiya, masu saye suka yaba. Ƙarshen shekara ya zo, manaja ya fitar da sakamakon na'ura ya kawo mini. Mutum ɗaya ne tak bai yi fashi ba, mai ɗinkin buhu. Sauran kowa ya ɗan zame, wani da takardar likita ta gaskiya, wani da wadda Allah kaɗai ya san asalinta, wasu kuma sun tafi ceton gonarsu sun rasa aikin. Na dubi sunan na ce wa manaja, don Allah a bar wannan kyauta bana, ko a kai masa gida a asirce. Ya ce, “Hajiya, an riga an manna a allo, in ba mu bayar ba su ce mun cinye.” Na je wurin Alhaji, shi kuma murna ma ya yi. Ya ce, “Kin gani? Allah ya kai ta inda anka hi bukata. Ai shi ya dace.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Ranar taron aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka raba lemo da shinkafa da nama. Alhaji ya yi jawabi, manaja ya yi nasa, sannan aka miƙo mini abin magana, domin kiran suna aikina ne. Na karanta cewa wannan kyauta ce ta ma'aikacin da ya fi kowa riƙon amana, wanda ko yini guda bai bar bakin aikinsa ba. Na kira shi. Manyan baƙi da ke gaba suka yi tafi da ƙarfi. Daga baya inda ma'aikata suke, tafin bai yi kauri ba, domin babu wanda bai san kwanakin da ake yabonsa a kansu ba.

Ya taso cikin wata shuɗiyar riga da ta sha guga. Mutum biyu suka cicciɓo buhun suka ajiye tsakanina da shi, mai hoto ya ce in dafa gefe ɗaya shi ya dafa ɗaya. Ya sunkuya, sai na ga ya bi bakin buhun da babban yatsansa, yatsan nan da yake dangwalawa kullum, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce a hankali, “Ɗunkina na.” Sannan ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ba kuma izgili, ya ce yadda ni kaɗai zan ji, “Hajiya, ga girbina na bana.”

Mai hoto yana ta cewa mu yi murmushi. Mutumin da rumbunsa ke kai shi wata damina har ya yi zakka ya ba maƙwabta, shi ne muka tara jama'a muka ba buhu guda muna jiran ya gode. Kuma ya gode. Ya je ya durƙusa gaban Alhaji ya yi godiya yadda ya kamata. Da zai wuce ta gabana ya ɗan tsaya ya ce, “An sabunta katin?” Na ce an sabunta. Ya ce, “To, alhamdu lillahi,” ya kira wani ya kama masa buhun suka kai bakin titi.

Bayan sati biyu na shiga ofishin Alhaji da shawara a rubuce, na kuma ƙudura a raina in bai karɓa ba zan ajiye masa makullin ofis. Abu biyu na nema. A ba manoma hutun girbi bi da bi, kuma kowane ma'aikaci ya kawo ɗan'uwa guda a yi masa rajista, a koya masa aiki, a sa shi cikin inshorar haɗari, na'ura ta ɗauki yatsansa, domin ranar da gona ta kira ya tsaya da sunansa na kansa. Na shirya dogon faɗa. Alhaji ya karanta yana shan shayi, ya kira masu sayen shinkafar a waya, suka ce su ba ruwansu da ko wane ne ke kan keke muddin yana cikin rajista. Ya sa hannu kafin shayin ya huce. Wallahi da ya ƙi, da abin ya fi zo mini da sauƙi. Na fito ina tunanin ashe duk tsawon lokacin nan abin da ke tsakanin mutumin nan da gonarsa bai wuce zaman shan shayi ba.

Ƙanen mai sanda shi ne farkon wanda muka yi wa rajista, kuma na'ura ta karɓi yatsansa a dangwalawar farko, har 'yan layi suka yi shewa wai Maras Dangi ta yi dangi. Wan ya sake noma da damina ta zagayo, manomi ba ya fushi da fadama. Amma a waccan shekara sai da suka sayar da bijimin huɗarsu kafin su ga sabuwar shinkafa, kuma babu takardar da na rubuta da ta dawo musu da shi. Kyautar rashin fashi kuwa, ban sake yarda an yi ta ba har na bar wurin.

Yanzu na yi ritaya, amma masu ƙananan kamfanoni sukan zo neman shawara kan dokokin ma'aikata, kowa da jerin abubuwan da yake so ya hana. Ba na ce musu kada su hana, yawanci suna da hujja. Abin da nake tambayarsu shi ne, wannan abu da mutanenku ke yi ba bisa ƙa'ida ba, wace bukata yake biya musu? In kun gano ta, ku tanadar mata halastacciyar hanya a rana ɗaya da dokar, a takarda ɗaya, da sa hannu ɗaya, kada ku ce sai an zauna an duba. Abin da na koya ke nan daga wancan buhu. Idan ka hana mutane dabarar da suke rayuwa da ita ba ka ba su wata ba, masu wayo za su zame, masu zuciya za su tafi, kuma wanda zai biya kuɗin dokarka shi ne wanda ya fi kowa bin ta.